Gawar Motar Nomau

Daga Madarunfa har Maraɗi, in akwai makaniken da ya fi ni kunne, a kawo shi in yi masa wankin kile, wato sifana, shekara guda ba ko dala. Mota tana tasowa daga Safo, ni ina zaune ƙarƙashin dogon yaro da kofin shayi a hannu, zan gaya maka bujinta na uku, fulogi ke nan, shi ne ya mutu, in ƙara maka da cewa direban bai karya kumallo ba. An taɓa kawo mini wata da ta gagari garaj huɗu, na ce a tada ta, na saurara, na ce akwai ƙwandalar dala goma a cikin bututun iska. Aka buɗe, aka samu ta dala biyar. Na ce sauran biyar ɗin motar ce ta ci. Tun daga ranar sunana Lawali ya ɓace, sai Mai Kunne.

Kirarin ke nan da na yi shekara ashirin da wani abu ina yi wa kaina. Har yau ina yi, don baki ya riga ya saba. Sai dai akwai mutum ɗaya a Gabi da ba na iya yin sa a gabansa, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan.

Da ku nake, samarin da kuke zuwa mini da waya a hannu, kuna cewa kun ga yadda ake sauke moter, injin mota ke nan, a bidiyo, in koya muku sana'a kafin Sallah. Wai yanzu na'ura ake jonawa, mota ta faɗi ciwonta da bakinta. To madalla. Kwance ƙarfe da ɗaura shi ba shi ne mai wuya ba, biri ma in aka ba shi kile sha uku da gyaɗa zai koya. Mai wuyar shi ne mutumin da ya miƙa maka makullin motarsa ya juya ya tafi. Bai san abin da ke cikinta ba, ya bar maka aljihunsa a buɗe.

Aikin farko da aka bar ni na yi ni kaɗai, takalmin burki ne na motar wani malamin lakol, wato makarantar boko. A Maraɗi ke nan, garaj ɗin ubangidana Baba Shitu, Allah ya jiƙansa, bayan na yi shekara biyu ba abin da nake yi sai wanke kusoshi cikin gazuwal, man dizal ke nan, da hura wutar shayi. Na canja takalmin tsaf. Da na buɗe gaban motar don in duba man burki, sai na ga robar da ke juya fanka ta tsattsage. Na ɗauko sabuwa na sa, na goge hannu, na tsaya ina jiran yabo.

Baba Shitu ya leƙa, ya tambaye ni wa ya ce in sa. Na ce ai tsohuwar ta kusa tsinkewa. Ya ce ya gani, shi ba makaho ba ne, wa ya ce in sa? Ya sa na cire sabuwar na mayar da tsohuwar, na taka a ƙasa cikin rana har lakol, na tsaya bakin aji sai da malamin ya fito. Malamin ya yi godiya, ya ce a bar ta sai ƙarshen wata, matarsa na gab da haihuwa. Da na dawo na faɗa, Baba Shitu ya ce:

"To ka ji. Kai ƙarfe ka sani, shi ya san gidanai. In ka buɗe mota ka ga abin da ba ku yi magana ba, aje kile, tahi ka kira mai ita."

Dokarsa ta biyu ita ce ta gawa. A garaj ɗinmu, duk ƙarfen da aka cire daga mota aka sa wani a madadinsa, gawa muke ce masa. Baba Shitu ba ya yarda gawa ta kwana a wurinsa bayan an karɓi mota. Ko buji ne, sai an naɗe shi a takardar siminti an danƙa wa mai mota a hannu, ko yana so ko ba ya so. Wani Alhaji ya taɓa cewa me zai yi da ruɓaɓɓen ƙarfe, Baba ya ce ya kai gida ya yi masa sutura, ko kuwa ya kai wa wani makanike ya duba masa ko da gaske ya mutu. Mu dariya muka yi. Sannan kafin a sauke babban ƙarfe sai an buga masa shaida da tsinin ƙusa, don kada na wani ya gauraya da na wani. Kowannenmu da tasa. Tawa ɗigo uku ne a jere, da ɗaya a ƙasansu, kuma ita nake bugawa har yau.

Da na dawo gida na buɗe nawa garaj ɗin, kayan aikina duka akwati ɗaya ne: kile daga takwas zuwa ashirin da huɗu, kirik na ɗaga mota mai yoyon mai wanda sai an tokare mota da kututture kafin a shiga ƙarƙashinta, guduma, da doguwar turnabis ta kwance kusoshi wadda nake dafa bakinta a jikin moter in sa ƙotar a kunne. Kile sha uku kuwa, waɗanda na saya a rayuwata sun isa a yi wa tafkin Madarunfa shinge, kuma yau in ka ce in ba ka ɗaya sai na nema.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta taɓa kawo mini motarta, batir ba ya ɗaukar wuta, alhali sati biyu da suka wuce ta biya kuɗin sabon dinamo a wani garaj. Na cire shi na kankare da farce, fenti ya tashi. Nata ne tsohon, an wanke shi da mai an fesa masa launi an mayar. Na tambaye ta ko an ba ta wanda aka cire, ta ce ita kunya ta hana ta tambaya. Wannan labarin na yi ta yawo da shi kasuwa-kasuwa, ina cewa duk ƙasar nan ni kaɗai ne makaniken da ke ba mutum gawarsa ya tafi da ita.

Masu mota iri-iri ne. Akwai mai cewa ƙaramin abu ne, alhali jakuna biyu suka jawo ta. Akwai mai tsaya maka a ka yana koya maka aikinka. Wanda na fi tausayi shi ne mai jefo makulli ya ce a yi mata duk abin da ya kamata. Ma'aikata sun fi yin haka, don kada a gan su suna ciniki. Wannan maganar ƙofa ce da kuɗi ke fita ba sallama, ranar karɓar mota sai ka ga babban mutum ya cire hula yana fifita da ita. Mai hankali shi ne wanda zai tsaya sai ka faɗa masa kuɗin piyes, wato kayan gyara, daban, kuɗin hannu daban, ya faɗi iyakar abin da zai iya a gaban mutane, ya ce in abin ya wuce haka a kira shi. Nomau haka ya yi. Bai bar ko ɗaya ba.

Nomau mutumin Gabi ne, ya girme ni da kamar shekara biyar, dogo, magana ba ta dame shi ba. Rani tara ya yi yana tafiya cirani Najeriya, yana dako yana tura kurar ruwa, har ya tara ya sayi tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake lulluɓewa da tamfol. Da ita yake kai mutane da buhunan hatsi kasuwanni, damina ta faɗi ya koma gona. Gonar ta ubansa ce, mai wata tsamiya a tsakiya wadda kakanninsa ke yanka a gindinta kafin shuka. Shi yana salla, amma bai taɓa bari an sari reshenta ba.

Shekarar da aka rufe iyaka ce. Piyes ɗin da muka saba samu da sauƙi daga wancan ƙetaren ya yi tsada, mai ya yi tsada. Ruwa dai ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka. Wata hantsi sai ga Nomau da motar tana huci. Ya ce in ya yi ƴar tafiya sai ta tafasa ruwa, ya tsaya ya ƙara, ya sake tafiya ta sake tafasawa. A lokacin fada, majalisarmu ta ƴan hira da shayi, ta cika ƙarƙashin dogon yaro. Isufu direba ne ke zuba shayi, mutumin da ba shi da wani aiki a duniya sai jiran ranar da kunnena zai yi ƙarya. Na ce a tada ta. Ban ɗauki turnabis ba, ban ma tashi daga benci ba. Na karkata kai, na lumshe ido, na ce pompin ruwa ne. Isufu ya ce a ganinsa abin ya fi pompi, don hayaƙin bayanta fari ne. Na ce masa ranar da direba ya fara gane ciwon mota, ni kuma zan koma tuyar ƙosai. Ya ce to, in ba pompi ba ne, tsiren fada na wata guda yana wuyana. Na ce har da yaji da albasa.

Nomau bai yi dariya ba. Ya jira aka gama, ya tambayi nawa ne pompi, nawa ne hannu. Na ce jika goma sha biyu da jika uku, dala dubu uku ke nan gaba ɗaya, wato sefa dubu goma sha biyar. Ya zaro wani ƙullin leda daga aljihun ciki, ya ce awakin matarsa biyu ne wannan.

"Wanga shi ne iyakata, Mai Kunne. In ya wuce haka, kak ka taɓa. Aje ta nan, ko a turo min ita gida ta jira kaka. Ba ni da abin ƙarawa."

Na ce ko dala ba za ta ƙaru ba. Ya sa Isufu ya rubuta lambar wayarsa da gawayi a jikin ƙofar shagona, ya ce in bai ɗaga ba a sake kira, yana gona. Ya hau kabu-kabu ya koma, don noman farko ya kama.

Washegari na cire pompi. Tun yana hannuna na san na yi ɓatan kai. Na juya shi, yana tafiya sumul, ba kuka ba yoyo. Duk da haka na sa sabon, tunda na riga na saya, na tada mota. Kafin shayi ya nuna ta tafasa. Na buɗe murfin radiyata, ga kumfa na tasowa. Na zaro sandar awon mai, man ya koma kamar koko da madara. Ɗan koyon wata shida ya san wannan: ruwa ne ke shiga cikin moter ta wajen kulas, wato babban murfin da ke rufe kanta. Abin da Isufu ya gani a hayaƙi ke nan.

Lambar Nomau tana jikin ƙofa, taku biyar daga inda nake tsaye. Wayata tana aljihu, da kuɗin kira a cikinta. Gabi kuwa a moto, wato babur, ba ta kai tafiyar awa guda ba. Abin da ya faɗo mini shi ne Isufu da tsirensa. Kuɗin tsiren bai dame ni ba, dariyar ce. Na ce bari in sauke kulas in gani, wataƙila juwan ne kawai ya ƙone, ƴar takardar nan da ke tsakaninsa da moter, in sa sabo daga aljihuna, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Na tura motar bayan shago, na ja tamfol, na ce wa fada ana jiran piyes.

Na buga wa kulas shaidata, na sauke shi. Juwan ya ƙone, haka ne. Amma tsakanin ramuka biyu na ga wani siririn baƙin layi kamar gashi. Yadda aka koya mini, sai a wanke wurin fes a kankare, a ɗora ƙarfen awo a ga ko ya lanƙwashe, a kai inda ake gwadawa da ruwa a tabbatar tsagewa ce ko datti. Ni da ido kawai na duba, ina sauri kada wani ya leƙo, na ce ya tsage. Na sa shi a buhu na nufi Maraɗi.

Mai piyes ɗin da nake hulɗa da shi, ba zan faɗi sunansa ba, ya juya kulas, ya tsuke baki, ya yi mini ta'aziyya. Ya ce yana da wani na hannu, ɗaya tak ya rage, kuma da iyaka a rufe ba wanda ya san ranar da wani zai shigo. Jika casa'in da biyar. Ya ce in na bar masa mataccen zai rage mini biyar, masu ƙera tukwane za su saya su narka. Sarai na ji muryar Baba Shitu a lokacin. Na bar gawar a kan teburinsa, na ɗauko nasa, a kan zan kawo kuɗi in mai mota ya zo. Da sabon juwan da sabon mai, abin ya kai jika ɗari a kan sha biyar ɗin farko.

Aikin kam ya yi kyau, wannan ba ƙari ba ne. Motar ta tashi tana kiɗa kamar kalangun biki, na zuba ruwa na bar ta a kunne tun hantsi har azahar, ko ɗumin kirki ba ta yi ba. Na ce in ya ji wannan muryar har godiya zai yi mini.

Kwana takwas ya zo, da ƙasar gona a ƙafarsa. Fada a cike. Na tada motar na bar ta tana kiɗa, na fara da raha, na ce na mayar masa da tsohuwa budurwa. Sannan na ce pompi ya mutu kamar yadda na faɗa, amma ya ja kulas sun tafi tare. Ka ga da haka kunnena ya tsira. Na faɗi kuɗin, na ce na yafe hannuna.

Ya dubi ƙofar shago inda lambarsa take, ruwan sama bai ma wanke ta ba.

"Wayata ba ta yi ƙara ba," ya ce.

Na ce rezo ne, layin waya ne bai kama ba, ai shi ma ya san rezon Gabi. Ya gyaɗa kai. Ya ce to a ba shi gawar. Na miƙa masa pompi a takardar siminti. Ya ce ta kulas fa? Na ce ta ruɓe, an bar ta Maraɗi.

Nan fada ta sa baki, kuma duk bayana suka bi, don ni ke sa su dariya kullum, shi kuwa baƙo ne mai shiru. Wani ya ce ai alheri aka yi masa. Wani ya ce mota sai da kashe kuɗi, wanda bai iya ba ya sayi jaki. Isufu kaɗai ya ci gaba da juya shayinsa, kuma har yau bai taɓa tambayata tsiren nan ba.

Nomau ya tambaya ko za a iya cire sabon a mayar wa mai shi, a ɗaura masa nasa ko da tsagagge ne, a tura motar gida. Hakkinsa ne, kuma da gawar tana nan da haka aka yi. Na kira mai piyes, ya ce kayan da aka ɗaura ba ya dawowa, tsohon kuma an riga an narka, kuɗinsa yake so kafin sati. Da Nomau ya kai ni gaban mai gari, da shi ke da gaskiya, ga shaidu cike da inuwa sun ji iyakar da ya faɗa. Amma mutanenmu na ƙauye, in makanike ya jero musu sunayen ƙarafa, gani suke magana ta zauna. Ni ya kamata in ɗauki asarar. Ba ni da jika ɗari a shekarar nan, kuma ban fita na nemo ba.

Ya ce in ba shi kwana uku. Rana ta uku ya kawo kuɗin cif. Daga baya na ji gonar ubansa ya jinginar ga wani ɗan kasuwar hatsi, a kan in kaka ta yi, mota ta yi aiki, ya fanshe ta.

Ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, gero yana ƙoƙarin fid da kai. Ya bushe a tsaye. Kasuwanni suka mutu, ba buhun da za a ɗauka, mai kuma ya fi ƙarfin abin da fasinja ke iya biya. Ni kaina na yi wata biyu ba abin da na gyara sai tayar amalanke. Na sha ganin bashen Nomau tana wucewa da mutum uku a baya, moter na kiɗa lafiya lau. Yakan ɗaga mini hannu, amma bai sake tsayawa ba. Ya nemi mai sayen motar don ya fanshi gona, a shekarar kuwa kowa sayarwa yake, ba mai saye. Kafin rani ya raba, rumbunsa ya ƙare, ya koma wurin ɗan kasuwar nan ya karɓi buhuna, jingina ta zama sayarwa. Sai da gonar ta tafi sannan aka samu wanda ya taya motar, da kuɗin da bai kai na saniya mai kyau ba.

Bayan shekara uku wani direba daga garin Sarkin Yamma ya kawo mini bashe irin ta Nomau, a canja buji da mai. Ina goge gefen moter da tsumma sai yatsana ya ji wani abu. Na goge sosai. Ɗigo uku a jere, ɗaya a ƙasansu. Na tambaye shi ina ya samu wannan kulas. Ya ce a Maraɗi ya saya shekara uku ke nan, ya faɗi shagon, shi ne dai. An ce masa an goge fuskar kulas ɗin a inji, kuma tun da ya ɗaura ko cokali ɗaya na ruwa bai sha ba. Yana ta yabonsa. Ashe layin da na gani dattin juwan ne da ya ƙone. Lanƙwasa kaɗan kulas ɗin ya yi, abin da ake gogewa da jika goma ko ƙasa da haka. Da na kira Nomau ranar, da ya ce a jira kaka, ko ya sayar da tunkiya ɗaya. Da na danƙa masa gawarsa a hannu, da makaniken farko da ya nuna wa ya gaya masa da ranta.

Direban ya tambaya ko lafiya, ko wani abu na ji a moter. Na ce a'a, lafiyarta ƙalau.

Shi ya sa yanzu duk wanda ya zo koyo wurina, kafin ya taɓa kile sai ya iya riƙe waya. Kuɗin da muka yi magana da mai mota da alli ake rubuta shi a gilashin gaba, yana tsaye. In aka buɗe aka ga wani abu, aiki ya tsaya ko da kwana goma ne, sai ya zo ya gani da idonsa ya ce a yi ko a bari. Ku kuma masu mota, kada kunya ta hana ku. Ƙarfen da aka cire naku ne, da kuɗinku kuka saye shi, ku karɓa ku kai wa wani ya duba. Makaniken da ya ji haushin haka, ku ɗauke motarku ko da turawa ne. Wanda kuma ya faɗi ciwo bai tashi daga benci ba, kada ku yarda, ko da ni ne.

Na sayar da motona na haɗa jika ɗari. Isufu ne ya kai ni Gabi, bai tambaye ni dalili ba. Da muka kusa gari ya nuna mini wata gona da haɓa. Tsamiyar tana nan, an sassare rassanta an bar gangar jiki.

A ƙofar gidan Nomau akuya tana ɗaure, turken da aka ɗaure ta kuwa pompin nan ne, an kafe rabinsa a ƙasa. Aka ce ya fita, ya daina zuwa cirani tunda gwiwa ta ƙi, yanzu taki yake kai wa mutane gonakinsu da amalanken jaki. Muka jira. Can sai ga shi, ƙafar amalanken tana kuka, kansa ya yi fari. Ya sauko muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya shimfiɗa tabarma, aka kawo fura.

Na faɗa masa duka, ban rage ba. Na ce pompin lafiyarsa lau, kulas bai tsage ba, yana nan yana aiki a motar wani. Na ce ba rezo ba ne, ban kira ba ne. Ya ce wannan ya sani tun ranar, don kwana takwas ɗin nan kullum a reshen tsamiya yake rataye wayar in yana noma, nan ne rezo ya fi kamawa. Na ajiye kuɗin a kan tabarma. Bai ƙirga ba, ya kira matarsa ya miƙa mata, ya ce za su yi hatsi. Na tambaya ko gonar za ta fansu. Ya ce ya riga ya tambaya tun bara, mai ita ya ce ko an ninka sau uku ba ya sayarwa. Na roƙi gafara. Ya ce ya yafe tun shekarar, don ba ya iya ɗaukar kaya biyu.

Isufu na kallon ƙasa, jaki na kaɗa wutsiya. Ni kuwa bakina bai taɓa iya zama da shiru ba. Na nuna amalanken, na ce ƙafar hagu ce, ƙwallayen cikinta sun bushe, tun yana bayan gari na ji ta, ya kawo mini in gyara masa kyauta.

Nomau ya dubi amalanken, ya dube ni.

"Kunne kam Allah ya ba ka, Mai Kunne," ya ce. "Kana jin ƙarfe tun daga bayan gari. Ni da nike tsaye gabanka, na ce maka kak ka wuce sha biyar, ni ne ba ka ji ba."